Gwaggon da Ba a Ɗauka Ba

Alhamis, 2 ga Maris

Senami matar ƙanena ta sauka lafiya. Mace.

Ina tsakiyar kasuwa, kwale-kwale ya maƙale da kwale-kwale, ina miƙa wa wata burodi, sai ga Zannu ya taho yana sheƙa tuƙi kamar wanda aka biyo. Saura ƙiris ya kifar da ni da kayana. Ƙanena ke nan, furfura ta fara fito masa amma har yau bai iya tsayar da jirgi a hankali ba. Bakinsa ya ƙi rufuwa. Shekara da shekaru shi da matarsa suna neman haihuwar nan, har mutane sun gaji da ba su haƙuri. Na rabar da sauran burodin kyauta, ni da duk tafkin nan aka sani da maƙo.

Ban ga yarinyar ba tukuna. Suna can sama a babban gida da ke kan turaku cikin tafki, ruwa kuma ya janye, tsanin ya fi tsayin mutum. Zannu ya ce in zo ya ɗora ni. Na ce sai gobe.

Juma'a, 3 ga Maris

Ya ɗora ni. Yadda ya saba: ya sunkuyo daga tsani, ya saɓa ni a kafaɗa kamar buhun gari, ina dafe da zane kada ya yaye, yaran maƙwabta suna leƙe. Yana yi yana waƙa, don shi a wurinsa ƙauna ce. Ni kuwa duk ranar da aka yi mini haka sai in yini abinci ba ya yi mini daɗi.

Yarinyar goshin Baba ta ɗauko sak. Na yi hawaye, na ce hayaƙin bandar kifi ne.

Tun da shan inna ya shanye mini ƙafafu ina ƙarama, abu biyu Baba ya yi mini kafin ya bar duniya. Ya kai ni makarantar sistoci a Kalabi na iya rubutun nan. Ya kuma yi ta jidar laka a jirginsa har ya tara mini ɗan tudun da ɗakina yake kai, inda kwale-kwale ke tsayawa in rarrafa in shige abina. A kan ruwa babu wanda ya fi ni. A nan kowa zaune yake tuƙi, mai ƙafa da marar ƙafa, kuma hannuna ya fi na yawancin mazan garin nan. Matsalata a bakin tsani take farawa.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. In ruwa ya cika a watan Satumba ya kai bakin ƙofofi, kowa yana kuka da ambaliya, tabarmi sun jiƙe, kaji sun hau rufi, ni murna nake yi a ciki. Lokacin ne nake zamewa daga jirgi kai tsaye zuwa ɗakin kowa, in sha gulma in ƙoshi. Allah ya yafe mini.

Lahadi, 5 ga Maris

Yau an ɓata mini rai, kuma da murmushi aka yi.

Maganar fitar da jaririya ce. A gidanmu, washegarin ganin jinjirin wata na farko bayan haihuwa, babbar gwaggon gida ita ke hawa ta shiga ɗaki, ta goyo jariri, ta sauko da shi bakin ruwa, ta tsoma masa ƙafa, ta faɗi sunansa, ta mayar wa uwar. Gwaggo Ayaba ce ta yi wa duk 'ya'yan gidan. Bara ta rasu. Yanzu babu macen da ta girme ni a jinin Baba. Ni ce.

Na je gindin gidan da la'asar. Baffa Abose, ƙanen Baba, shi ne babba yanzu, yana zaune a baranda inda yake yini. Ni a ƙasa cikin jirgi, shi a sama, muna magana da ɗaga murya kamar masu ciniki. Na ce na zo in ji shirin da ake yi. Sai ya hau yabona: hankalina, tuƙina, yadda na riƙe kaina ba na roƙon kowa. Da na ji yabo ya yi yawa na san akwai wuƙa a ciki.

Ya ce, "'Yata, mai fitar da jariri ba a ɗaukar ta. Da kanta take hawa, da kanta take sauka. In aka ɗauke ki, yarinyar nan ɗaukar ta za a yi ta yi har ta tsufa."

Wai an riga an aika wa Binyon a Kwatano. Ƙanwata, wadda ni na goya a cikin jirgi, wadda rabonta da filafilin tuƙi har hannunta ya koma kamar na jariri. Ita za ta yi.

Na ce, "Baffa, in na hau da kaina fa?"

Ya yi dariya har da tari, ya ce in na hau da kaina na sauko da kaina, ba wanda ya sa mini hannu, to aikina ne, shi kansa zai zuba wa kakanni barasa a kan haka. Ya faɗa a gaban Zannu da Senami. Ya faɗa don yana ganin ba zai yiwu ba. To, ya dai faɗa.

Talata, 7 ga Maris

Na gwada tsanin da hannu kawai, da sassafe kafin a tashi. Ina iya kai rabi. Da jaririya a baya kuwa, ko mahaukaciya ba za ta gwada ba.

Laraba, 8 ga Maris

Binyon ta iso a jirgi mai inji, da leshi da tabarau, ta kuma kawo mini tsaraba: keken guragu, sabo fil, ledarsa ma ba a cire ba. Wai ƙungiyar cocinsu ce ke rabawa, ta sa sunana. Aka sauke shi a kan tuduna, wanda in ka juya sau ɗaya ka faɗa ruwa. Na tambaye ta ko yana iyo. Ta ce kullum bakina ba ya godiya.

Ta ce kada in damu, ranar za a kafa waya a baranda, in zauna a ɗakina in ga komai kamar ina wurin. Na ce ita ta koma Kwatano ta kalla a wayar, tunda kamar tana wurin ne.

Kowa da yadda ya fahimci shiga. Fada, limamin coci, da na kai wa ƙara ya ce ƙofar coci a buɗe take ga kowa, in ana so a yi abin a can. A buɗe take, gaskiya ne, a saman tsani ita ma. Nas ɗin ɗakin shan magani ta ce nasu ginin an yi masa gangaren siminti musamman don irina. Na san shi. Ta bayan ginin yake, ya gangara ya nutse cikin laka inda ko kaguwa sai ta yi tunani kafin ta bi. Zannu kuma har yanzu bai gane abin da ake faɗa a kai ba. "Yaya, ai ina nan. Ko bayan shekara ɗari ni zan ɗora ki." Ya faɗa idonsa fal hawaye, ban san ko in rungume shi ko in maka masa filafili ba.

Duk suna so in kasance a ciki. Babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda nake so in shiga.

Juma'a, 10 ga Maris

Na samu. Kuma a wurin da nake wucewa kullum.

Na tsaya kai wa Dosu mai fetur burodinsa. Mutumin nan tun muna yara muke zagin juna, ba mu fasa ba. Ina jiran sa sai na ga yadda yake shigar da kaya: wani dogon katako ne daga bakin rumfarsa ya gangaro, ƙarshensa yana kan gangunan wofi biyu da ke yawo a ruwa, samansa an ɗaure shi da tsohuwar tayar mota. Ruwa ya cika, ganguna su ɗaga shi. Ruwa ya janye, su sauke shi. Gangar fetur cikakkiya, shi kaɗai yake mirgina ta sama yana fito.

Na yi shekaru ina kallon abin nan ban gan shi ba.

Na ce, "Dosu, ashe ganga an yi mata hanya, ni 'yar gari ba a yi mini ba?"

Ya ce, "Ganga ba ta zagi, uwar burodi."

Na ce ya kauce. Na sa silifa a hannuwana na hau katakon. Na hau! Har cikin rumfarsa, na zauna a kan kujerarsa, zanena duk baƙin mai. Ya tsaya baki buɗe, ya ce shekara nawa yana kira na in shigo in sha ruwa ina cewa wurinsa wari. Na ce ai kuwa warin yana nan.

Na dawo gida ina waƙa, tuƙin ma ban ji shi ba.

Litinin, 13 ga Maris

Na faɗa ruwa. A gaban kowa.

Na yi wa Zannu bayani, ya ce ya gane, in bar masa. Shi da abokan kamun kifinsa suka yini suna buga guduma. Da aka kira ni na zo, me zan gani? Tsanin nan dai, inda yake, a tsaye yadda yake, sun lulluɓe shi da katako. Sun goge shi sumul, har kwalta suka shafa masa yadda ake yi wa cikin jirgi, wai don kada ya ruɓe. Suna tsaye suna jiran yabo.

Ban ga laifinsu sosai ba. A garin nan kusan babu tudu babu gangare, wanda aka haifa a kan ruwa hawa ɗaya ya sani, na tsani. A wurinsu in an rufe ramukan tsani an gama magana. Da na ce ya yi tsaye da yawa, ɗayansu ya ce ai gajeriyar hanya ta fi.

Girman kai ya sa na gwada. Na ɗan ɗaga, kwalta ta kwashe ni, na sulalo na wuce jirgina na shige laka har wuya. Yara suka yi ta dariya, ni ma da wata ce da na yi. Zannu ya tsamo ni, ya sake saɓa ni a kafaɗa.

Baffa daga sama ya ce a bar wasan nan haka kafin a yi gawa a gidan haihuwa. Binyon za ta yi, an gama.

Talata, 14 ga Maris

Ban fita kasuwa ba. Kafaɗa. Ba kafaɗar kaɗai ba.

Alhamis, 16 ga Maris

Dosu ya zo da kansa jiya, yana jan katakonsa da gangunansa a bayan jirgi. Ya ce aro ne na yini ɗaya, a gwada, don ya gaji da cin burodin wasu. Muka cire shirmen Zannu, muka kafa na Dosu daga bakin baranda ya miƙe zuwa ruwa. Na hau lafiya lau. Na zauna a barandar Baba da ƙarfin hannuna, cikin watan Maris, ruwa a janye. Senami ta yi guɗa daga ɗaki.

Murnar ba ta daɗe ba. Katakon ya tare hanyar jirage gaba ɗaya. Kafin a jima kwale-kwale sun yi cincirindo ta kowane gefe, ga kuma Maman Sika maƙwabciyarmu da kwandunan kifi za ta kasuwa, matar da bakinta ya fi nawa kaifi.

Ta ce, "Huwefa, ke kin shiga, madalla. Mu kuma ta ina za mu wuce, ta sama?"

Na buɗe baki zan rama, na ga gaskiyarta. Na samu hanyata na toshe ta unguwa guda. Tana ta masifa tana ture katakon da gora, a cikin masifar ta ce wane mahaukaci ne ke ɗaure jirgi hancinsa a tsakiyar hanya, ai da jikin gida ake manna shi. Na ce ta maimaita. Ta zaci faɗa nake nema.

Da jikin gida. Ya bi gefen bango ya gangara, ya bar wa mutane hanyarsu. Sai dai na Dosu ya koma, fetur yana jiran sa, kuma katako mai tsawo haka sai an haye can bayan tafki an yanko, wata kuwa ba zai jira mu ba. Dogon katako ɗaya ne a gidan nan: jirgin Baba, da ke kwance a ƙarƙashin turakun gida tun ranar da aka binne shi.

Na gaya wa Baffa da yamma. Ya ce jirgin mamaci ba a sa masa zarto, barin sa ake yi ya nutse da kansa, kuma na san haka. Na sani. Na ce Baba da jirgin nan ya jido mini laka, ba zai ji haushi ba in ya sake yi mini hanya. Ya ce in daina sa wa matattu magana a baki.

Zan tafi ke nan, sai na ɗaga kai na dube shi sosai. Gwiwoyinsa sun kumbura kamar kwakwa. Sai na tuna ko jana'izar Gwaggo Ayaba daga baranda ya yi ta.

Na ce, "Baffa, yaushe rabonka da taɓa ruwa?"

Ya juya yana kallon ruwan. Mutumin da a da in ya jefa taru sai an zo kallo. Ni ba na iya hawa, shi ba ya iya sauka, kuma ya fi ni ƙin a ɗauke shi. Jini ɗaya ne.

Asabar, 18 ga Maris

Da safe Zannu ya zo yana haki. Wai Baffa ya kira shi, ya zuba barasa a ruwa ta tsakanin katakon baranda, ya yi ta magana da Baba ƙasa-ƙasa har da faɗa, sannan ya juyo ya ce a kawo zarto.

Yau ni ce shugabar aiki. Ina cikin jirgi ina ba da umarni, maza suna zufa. Ba kwalta. A buga ƙananan sanduna a gicciye don hannu ya samu abin kamawa. A ja igiya a gefe. Dosu ya ba da ganguna biyu da taya, ya ce sadaka ce don bakina ya huta a kansa. Zannu ya yi ta ƙunƙuni wai hanya ta yi tsawo, mutum zai tsufa kafin ya kai. Na ce ba shi aka yi wa ba.

Katakon jirgin har yanzu yana ƙamshin Baba, kifi da taba. Wannan karon ban ce hayaƙi ba ne.

Litinin, 20 ga Maris

Kwana biyu ke nan ina goya buhun gari ina hawa ina sauka. Hawa da sauƙi. Sauka ce aiki, da baya-baya nake yi, fuskata tana kallon sama, hannu ɗaya sai ya kama kafin ɗayan ya saki. Maman Sika duk wucewa sai ta tambayi lafiyar jaririn, wai ya yi ƙiba, ko an yaye shi. Yau ta tsaya ta ce majanyin ya yi ƙasa, in ɗaga shi sama da ƙirji. Ta kuma bar mini kifi biyu.

Binyon tana nan ba ta koma ba. An ɗinka mata farin leshi na ranar. Baffa ya ce ta zauna cikin shiri, ko da wani abu. Ba ta yi mini magana, ni ma ba na yi mata.

Tafin hannuna ya sale. Senami tana shafa mini man kaɗanya. Na tambaye ta gaskiya ko tana tsoro, 'yarta ce fa, ɗaya tilo bayan duk shekarun nan. Ta ce tana tsoro. Ta ce amma ta ga yadda nake riƙe buhun.

Laraba, 22 ga Maris

An ga wata. Gobe.

Alhamis, 23 ga Maris

Bari in rubuta kafin in manta wani abu.

Da hantsi jirage sun cika gaban gida har ba a ganin ruwa. Wasu dangi, wasu 'yan kallo, wasu na san sun zo ganin faɗuwa ta biyu. Na sa farin zanena, na sa silifa a hannu, na hau. Na bi baranda, na tsallake dokin ƙofa, na shiga ɗakin da aka haife ni ba a kafaɗar kowa ba.

Senami ta miƙo yarinyar, ta yi ta yi ta kasa ɗaura majanyi. Sai Binyon ta matso, da leshinta da komai, ta durƙusa a bayana ta karɓa. Ta ja ta ɗaure tamau, irin ɗaurin da ni na koya mata. Ta ce a kunnena, "Yaya, in kika jiƙa mini 'ya, ni da ke ne."

Yarinya ba buhun gari ba ce. Tana da ɗumi, tana numfashi a wuyana, tana motsi lokacin da ta ga dama. Na fara sauka, sanda bayan sanda. Ina tsakiya sai wani jirgi mai inji ya wuce ta babbar hanya da gudu, marar mutunci, igiyar ruwansa ta taho ta ɗaga gangunan. Katakon ya tashi, ya sauka, ya karkace. Mata suka yi salati iri-iri, kowa da abin da yake kira. Ta gefen ido na ga Zannu a cikin jirgi dab da ni, hannuwansa sun riga sun taho.

Na ce, "Zannu, kada ka taɓa ni."

Ban ɗaga murya ba. Ya tsaya, ya mayar da hannuwan baya ya haɗe su. A rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba, na sani.

Ni kuwa na kwantar da ƙirjina a kan katakon na jira. Igiyar ruwa ce, abin da nake zaune a kansa tun ina yarinya. Ba a faɗa da ita, bin ta ake yi. Ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce, ƙaramar ta biyo baya. Yarinyar ko farkawa ba ta yi ba. Na ci gaba.

Da na kai ƙasa na zame cikin jirgina, na kwance ta, na tsoma ƙafafunta a ruwa. Ta callara kuka, aka yi dariya. Na ɗaga ta na faɗi sunan da uban ya raɗa mini: Fifame. Na faɗa da ƙarfi yadda har masu banda a ƙarshen unguwa za su ji. Sannan na sake goya ta, na hau, na sa ta a cinyar uwarta a bushe, in ban da ƙafa.

Guɗa, kiɗa, Maman Sika tana dukan gefen jirginta da filafili tana cewa ita ta ba da shawarar. Dosu yana gaya wa kowa gangunansa ne. A bar su.

Baffa ya zuba barasar da ya yi alkawari. Muna zaton an gama, sai ya miƙe ya dafa bango. Ya bi baranda ya kama igiyar. Zannu ya yunƙura, Binyon ta riƙe masa riga. Tsohon nan ya sauka a hankali, yana tsayawa yana hutawa, yana zagin gwiwoyinsa. Da ya kai ƙarshen katakon ya zauna, ya zura ƙafafu cikin ruwa, ya ɗebo da tafi ya kai baki ya tofar.

Ya ce, "Ruwan gishiri ya shigo daga teku da yawa bana. Su waye suka ce a kafa taru a gabas?"

Nan take ya hau yi wa maza faɗa a kan kamun kifi. Ba su taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba. Ni ko kallo na bai yi ba, sai da aka watse ya ce, "Gwaggo, an ba ki abinci kuwa?" Gwaggo ya ce. Ba 'yata ba.

Na yi. Ni na yi.

Talata, 28 ga Maris

Gangaren ba ya hutawa. Senami ta nan take sauka wanki. Matan gida sun daina hawa tsani da tulu a ka. Keken Binyon ma ya samu aiki, jarkokin ruwan sha ake ɗora masa a tura sama, na aika mata ta ce Allah ya isa. Maman Sika tana so a yi wa uwarta makauniya irin gangaren, Fada ya aiko a duba masa cocin. Duk wanda ya zo sai na ce a fara tambayar mai hawan yadda yake so, kuma a ɓoye wa Zannu kwalta.

Baffa kullum yana ƙasa. An ce jiya har jirgi ya shiga.

Asabar, 15 ga Afrilu

Ruwan farko ya sauka yau da rana, ya same ni a babban gida. Yanzu kusan kullum ina can in na taso kasuwa, Fifame ta fara gane muryata, ko dai ƙamshin burodi. Na yini ina jijjiga ta, ga tuƙin safe, kafaɗuna suka yi tsami. Da ruwan ya ɗauke na leƙa, katakon ya jiƙe yana ƙyalli. Zan iya sauka, na sauka a wanda ya fi haka.

Zannu yana tsaye a bakin tsani yana gyaran taru, yana kallo na ta wutsiyar ido. Tun ranar nan bai sake cewa zai ɗora ni ba, ko sau ɗaya. Sai ya riƙa sa hannu a aljihu in na zo wucewa, abin har tausayi.

Na ce, "To me kake jira? Sunkuyo mana."

Ya saɓa ni, ya sauke ni a jirgi, da waƙarsa marar daɗin nan. Gajiya ce kawai, gobe ta gangarena zan bi. Senami ta biyo ni da tuwon masara da miyar kaguwa, na cinye tas har na suɗe kwano. Miyar ce ta yi daɗi, ba wani abu ba.